Tambaya da Amsa: Anzar da Surukata ta Aiko

Tambaya: Anti, surukata ta aiko mana da ƙullin anza daga Damagaram ta hannun wani direban tirela. Na tauna ƙwaya ɗaya, ɗaci kamar maɗaci. Maigidana ya ce abincin yunwa ne, in zubar. Wai ana cinta kuwa?
Daga wata uwargida, Agege, Legas.

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki zubar, amma kada ki ƙara kai ta baki ɗanya, ki kuma ɗauke ta daga inda hannun yara zai kai. Ɗacin nan yana da guba, ruwa ne ke fitar da shi.

Anza ƙaramar itaciya ce ta bakin hamada, ana samunta tun daga Senegal har Sudan. Ganyenta kore ne ko a tsakiyar rani, tana fitar da ƙananan furanni masu ƙamshi bayan ɗaukewar damina. 'Ya'yanta, wato dilo, idan sun nuna sukan yi rawaya, yara su yi ta tsotsar zaƙinsu. Ƙwayar da ke ciki ce aka aiko miki.

Ki jiƙa ta a roba babba da ruwa mai yawa, ki riƙa zubar da ruwan kina sake sabo kullum, safe da yamma in da hali. Takan kai mako guda. Harshenki ne alƙali: muddin akwai sauran ɗaci, ba ta yi ba. Ruwan jiƙon kuma kada kaji ko akuya su sha. In ta salance sai ki dafa ta kamar wake, ki sa mai da yaji da albasa, ko ki shanya a niƙa, ki haɗa garin da na gero a tuwo ko kunu. Ni na fi sonta da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli.

Maigidanki da gaskiyarsa ta wani gefe, don ta rufa wa dubban gidaje asiri a farin 1984 da yunwar Nijar ta 2005. Amma tsofaffin Damagaram suna cinta don marmari ko rumbu na cike, har ganyenta suke sa wa hatsi don korar ƙwari.

Matsalarki a Legas laima ce. Jiƙaƙƙiyar anza ba ta bushewa da wuri a nan, sai ta yi fumfuna. Ki riƙa jiƙa daidai wadda za ku ci, sauran ki rufe ta a bokiti mai murfi.