Tambaya da Amsa: Yankan Atamfa da Asalinta

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kai wa tela turmin atamfa mai zanen tsuntsaye ya yi mini doguwar riga. Da na karɓo sai na ga tsuntsayen gaba a tsaye, na hannu kuwa a kwance. Laifin atamfar ne ko na tela? Daga wata mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Matsalar daga yanka take. Yawancin zanen atamfa don ɗaurin zani aka tsara shi: tsawon yadin ya zagaye ƙugu, faɗinsa kuma, wanda yake tsakanin inci 45 da 48, ya sauko zuwa idon sawu. Shi ya sa tsuntsu ko fure yake miƙewa daidai idan gefen nan mai rubutun kamfani ya zama shi ne bakin ƙasa. Telan da yake tattalin yadi yakan juya guntun da ya rage ya fitar da hannuwa a ciki, a nan zane yake kwantawa.

Kafin almakashi ya taɓa ta, a shimfiɗe turmin gaba ɗaya, a sa alama da alli ta baya mai nuna inda zanen ya fuskanta. Gaba da baya da hannuwa duk su bi wannan alama. Idan zanen manya ne, a ninke yadin ta yadda tsakiyar furen zai faɗo a tsakiyar rigar, a kuma duba kada babban da'ira ya zauna a kan ƙirji. Daidaita zane yana cin rabin yadi zuwa yadi guda, don haka kada ki matsa wa tela sai ya fitar miki da riga da zani da ɗankwali da kayan yarinya duk a yadi 6. Zani kaɗai yadi 2 yake ci. Doguwar mace kuwa, idan awonta daga kafaɗa zuwa ƙasa ya fi faɗin atamfar, a yanka rigar kashi biyu a haɗa a ƙugu.

Abin da muka fi jin takaicinsa shi ne ɗinka atamfa ba a jiƙa ta ba. Auduga tana tsukewa a wankin farko, shafin roba da ake sa mata a ciki kuwa ba ya tsukewa, sai ki ga ya leƙo ta ƙasan riga, wajen zif ya tattare. A jiƙa ta a ruwan sanyi, a shanya a inuwa, a goge ta baya. Takardar tambari ma da ɗumin dutsen guga ake ɗaye ta, in ba haka ba gam ɗin yakan bar tabo. Allura mai lamba 14 ta isa.

Tambaya: Ana cewa atamfa tufar Afirka ce, to me ya kawo sunan Holan da Ingila a kanta? Daga wani ɗan tireda a Maraɗi.

Amsa: Malam, asalin fasahar daga tsibirin Java ne na Indonesiya, inda ake zana kakin zuma a kan yadi kafin a rina, rini ya kama ko'ina ban da inda kakin yake. A ƙarni na 19 Turawan Holan, waɗanda suke mulkin ƙasar, suka kwaikwayi aikin da inji. Sai dai ƙaron da suke shafawa a madadin kakin yakan tsage, rini ya kutsa ya bar jijiyoyi. Mutanen Java suka ɗauki wannan a matsayin aibi, amma a gaɓar Gana ta yau, inda aka fara kai ta a ƙarshen ƙarnin, jijiyoyin ne suka sayar da ita. Kamfanin Vlisco, wanda aka kafa a garin Helmond na Holan a 1846, har yanzu yana bugawa. Ita kuwa atamfar Ingila daga masaƙun yankin Manchester ta samo sunanta. Bayan samun 'yancin kai aka riƙa buga atamfa a gida, har da masaƙar UNTL ta Kaduna. Yau mafi yawan abin da ke Kantin Kwari daga Sin yake zuwa.

In kana son ka gane wadda aka yi da ƙaro, juya bayanta: launi yana fitowa kusan daidai da na gaba, kuma jijiyoyin ba sa maimaita kansu. Wadda aka buga ta fuska ɗaya bayanta a koɗe yake, tsagar da aka zana mata kuma iri ɗaya ce daga wannan fure zuwa wancan.