Hukuncin gadon saitin asali a injin binciken da mutum ya kafa da kansa

Tambaya: Malam, na kafa SearXNG, manhajar injin bincike na intanet, a kan sabata (kwamfutar da ke gudanar da shi) domin ɗaliban wata makarantar Islamiyya. A fayil ɗina na saiti na rubuta use_default_settings: true, wato abin da ban ambata ba a ɗauko shi daga saitin asali. Daga baya na ga cewa a cikin injunan binciken da na gada daga saitin asali akwai masu nemo kayan sata na torrent (hanyar raba fayiloli tsakanin mutane a intanet), kuma binciken hoto yakan fito da tsiraici. Ina da laifi a kan abin da ba ni na rubuta ba?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri. Kafa injin da haɗa saitinka da na asali halal ne, domin asalin al'amuran duniya halacci ne har sai dalili ya hana. SearXNG, wanda ya tsiro daga wata manhaja mai suna searx a 2021, ba shi da rumbun shafuka nasa. Yana tura tambaya ga wasu injuna, ya tattaro amsoshinsu. Kayan aiki ne, hukuncinsa yana bin yadda aka sarrafa shi.

Sai dai hujjar "ba ni na rubuta ba" ba ta tsayuwa. Da ka rubuta wancan layin, ka karɓi duk abin da ke cikin fayil ɗin asali, kamar wanda ya sa hannu a takarda bai karanta ba. Abin da ya wuce kafin ka sani babu zunubi a kansa. Yanzu da ka sani, kuma kana da ikon gyarawa, nauyin yana wuyanka, saboda hadisin Ibn Umar da Bukhari da Muslim suka ruwaito cewa kowannenku makiyayi ne kuma abin tambaya ne a kan abin kiwonsa, da faɗin Allah a Suratul Ma'ida, aya ta 2, na hana taimakekeniya a kan zunubi.

Ba na ba ka shawarar ka cire layin gaba ɗaya. In ka cire, jerin injuna duka sai ka rubuta da hannunka, kuma gyaran da masu manhajar suke yi idan wani shafi ya canza adireshi ba zai riƙa iso ka ta fayil ɗin ba. Gyaran yana cikin fahimtar yadda haɗin yake gudana.

Ga hanyoyi uku na hana injin, kuma ba darajarsu ɗaya ba. Sa disabled: true kashewa ce ta wucin gadi kawai, ɗalibi zai iya shiga shafin zaɓi ya kunna shi, don haka wannan ba ya sauke maka nauyi. A ƙarƙashin use_default_settings, sashen engines, akwai remove, wanda yake fitar da injunan da ka lissafa. Wannan ya fi, amma yana da kafa: in sabuntawa ta zo da sabon injin, zai shigo ba tare da an tambaye ka ba, tunda ba ya cikin jerin korarru. Sannan akwai keep_only, wanda yake barin abin da ka ambata kaɗai. Ga wanda yake kula da yara, wannan nake ganin wajibi ne, bisa ƙa'idar toshe kafar ɓarna. Ga baligi mai amfani shi kaɗai, remove ya wadatar, muddin yana duba jerin bayan kowace sabuntawa.

Game da hotuna, sa safe_search a kan 2, wato mataki mafi tsanani (0 babu tacewa, 1 matsakaici), sannan ka kulle shi a sashen preferences ta hanyar lock, in ba haka ba mai amfani zai mayar da shi 0. Ka lura, ba kowane injin ne yake mutunta wannan tacewar ba, wanda ba ya yi kada ka sa shi cikin keep_only.

Kurakurai biyu sukan rusa niyya mai kyau. Injuna ana haɗa su da suna ne. In ka kuskure harafi ɗaya, manhajar za ta ɗauka sabon injin ne, wanda kake nufin gyarawa kuwa ya zauna yadda yake. Sauran jeri kuma ba a haɗa su, maye gurbinsu ake yi: in ka rubuta json kaɗai a formats (jerin siffofin da sakamakon bincike ke fitowa a cikinsu), html, wato shafin da ake gani a burauza, ya tafi. Saboda haka bayan ka sake tayar da sabar, buɗe shafin zaɓi ka ga da idonka abin da ya rage, kar ka dogara da abin da ka rubuta. Ka kuma canza secret_key, wato mabuɗin sirri na manhajar, daga na asali, domin bayanan ɗalibai amana ce.

Idan ka yi wannan, sannan wani abu ya kuɓuce, ko ɗalibi ya bi ta wata hanya, babu laifi a kanka, Allah ba ya ɗora wa rai sai abin da zai iya. Ka gyara idan ka gani. Wallahu a'alam.