Amsa kan tambayar Yaya: waye yake son a sake fasalin tarayya a Beljiyam?

Assalamu alaikum 'yan uwa, Yaya na saurari muryarka, ka ce a ƙasashen da yare ya raba jama'a ai talakawa ne ke matsa wa 'yan siyasa sai an rarraba iko, to ni gaskiya ban yarda ba gaba ɗaya, bari in ɗauki Beljiyam tunda ita ka kawo.

Kun ga can arewa yankin Filandas suna yaren Holan, su ne wajen kashi 60, kudu Waloniya Faransanci, sai 'yan tsiraru masu Jamusanci. Daga 1970 zuwa 2014 sau shida ana yi wa tsarin ƙasar garambawul, a 1993 aka rubuta a tsarin mulki cewa ƙasar tarayya ce. To amma abin da mutane ba sa lura da shi, manyan jam'iyyun su kansu sun tsage gida biyu bisa yare, na Kiristoci a 1968, masu sassaucin ra'ayi a 1972, 'yan gurguzu a 1978. Wato galibi ɗan takarar Filandas ba ya neman ƙuri'a a Waloniya, ba ya zuwa kamfe can, ba ya shiga talabijin ɗinsu, to don Allah me zai sa ya sassauta? Duk zafin da ya yi wa ɗaya ɓangaren riba ce a gida. Shi ya sa bayan zaɓen 2010 aka yi kwana 541 babu sabuwar gwamnati, har sai da Elio Di Rupo ya hau kujerar firaminista a Disamban 2011, kuma a duk wannan lokacin jiragen ƙasa na tafiya, yara na zuwa makaranta, mutane na harkarsu.

In aka tambayi masu zaɓe abin da ya dame su, aikin yi da haraji da fansho ne ke gaba, maganar garambawul tana can baya. Kai lokacin korona ma da aka ga ministoci har tara ne ke da hannu a harkar lafiya, mutane da yawa cewa suka yi a mayar wa gwamnatin tsakiya wani ɓangare na ikon, abin ya yi yawa.

Amma fa kar a ce kullum talaka ne mai sanyi. A Kanada 1992 firaminista Brian Mulroney da shugabannin larduna duka goma sun sa hannu a yarjejeniyar Charlottetown, aka kai wa jama'a raba gardama suka yi fatali da ita, 'yan Kwebek, lardin masu Faransanci, na ganin an ba su kaɗan, na yamma na ganin an ba Kwebek da yawa. Shekara uku bayan nan Kwebek ta kusa ficewa, kashi 50.6 ne suka ce a zauna.

Don haka Yaya in ka ji ɗan majalisa ya ce "mutanena ne ke so", ka fara tambaya su wa ke iya zaɓensa, su wa kuma ba su da hanyar hukunta shi ko da ya zage su. Hajiya ke da kika yi karatu a can, ki ƙara mana bayani kan Burusel, babban birnin ƙasar, don a nan jam'iyyun yarukan biyu ke fitowa takara tare.