Amsa ga ɗana da ke Holan kan sunan De Vries

Ɗana, saƙonka ya iso, har Hajiya ta sa na maimaita mata. Ka ce matarka ta kusa sauka, tana so a haɗa wa abin da za a haifa sunan gidansu, De Vries, da namu, tunda dokar Holan ta ba da wannan dama tun daga 1 ga Janairun 2024. Kana tambaya ko al'adarmu ta yarda, kuma me sunan yake nufi. Da farko dariya na yi, don ban taɓa zaton za a wayi gari a tambaye ni hukuncin sunan gidan uwa ba. Daga baya jikina ya yi sanyi. Duk zaman da kuka yi da yarinyar nan, sai da ciki ya tsufa za ka nemi sanin sunan gidansu? A da, kafin a kai goro an riga an san kakan yarinya da sana'arsa da garin da ya baro. To, matambayi dai ba ya ɓata.

Ma'anar ba ta da wuya. De Vries na nufin mutumin Firislan, kamar yadda za mu ce Bagobiri. Firislan lardi ne a arewacin ƙasar, babban birninsa Leeuwarden, mutanensa suna da yarensu daban. Ka san su tun kana yaro ba ka sani ba: kamfanin da ke yin madarar Peak sunan lardin nan yake ɗauke da shi, kuma shanun nan masu baƙi da fari da ake kawowa don madara daga can asalinsu yake. Sunan kuwa ba na gida ɗaya ba ne. A ƙidayar sunaye ta 2007 masu shi sun haura 70,000, shi ne na uku a ƙasar, bayan De Jong, wato ƙarami, da Jansen, wato ɗan Jan. Saboda haka kada ka ji wani shahararren De Vries, irin su Hugo de Vries masanin tsirrai, ka ɗauka surukinka ne.

Ni a bakin mai sunan na koyi wannan. A hunturun 1978, lokacin da gwamnati ta tura mu kwas ɗin kiwon shanu, an raba mu gonaki don aikin hannu, ni aka kai ni gidan wani tsohon manomi kusa da Leeuwarden, shi ma De Vries. Garken a haɗe yake da gidan, daga ɗakin girki ka buɗe ƙofa ka bi ɗan lungu sai ga ka a tsakiyar shanu, ɗuminsu na bugun fuskarka. Ƙarfe shida ake cin abincin dare. Matarsa takan kirɓa dankali da ganye, ta dafa mini nawa a tukunya daban saboda naman alade, ta sa mini ƙwai. Ban taɓa roƙonta ba, ita ta tambaya tun ranar farko.

Wani dare bayan an kwashe kwanuka, tsohon ya ce in faɗa masa cikakken sunana. Na faɗi nawa, na faɗi na mahaifina. Ya ce, na gidan fa? Na ce mu ba mu da wannan, ni ina amsa sunan ubana, ɗana kuma nawa zai amsa. Sai ya buga tebur da tafin hannu, ya tashi ya shige ɗaki. Na ɗauka na faɗi abin da bai yi masa daɗi ba. Ashe Baibul ɗin gidan ya ɗauko, wani ƙato mai maƙullan tagulla, ya share masa wuri a tebur, ya buɗe shafin farko inda aka jera haihuwa da mutuwa, tawadar har ta koma ja. Ya ɗora yatsa, yatsan nan duk kaushin tatsa, yana bi da ni layi-layi. Ya ce haka su ma suke yi a da. In Jan ɗan Pieter ne, sai a ce Jan Pieters. In ya haifi ɗa ya mayar da sunan ubansa, yaron ya zama Pieter Jans. Sunaye biyu suna ta juyawa tsakanin kaka da jika, har yatsan ya iso inda De Vries ya fara bayyana, daga nan bai sake canzawa ba.

Dalili kuwa, Faransa ce ta haɗiye ƙasar a 1810, sai Napoliyon ya yi doka ranar 18 ga Agustan 1811 cewa duk wanda ba shi da tsayayyen sunan gida ya je hukuma ya rubuta ɗaya. Mutanen birane da na kudu da yawa sun riga sun da nasu, amma ƙauyukan arewa suna nan kan sunan uba. Wasu suka ɗauki sana'a, wasu sunan gona, wasu da dama suka ce a rubuta su mutanen Firislan kawai. Shi ya sa sunan ya yi yawa a cikin Firislan ɗin kanta. Masu jan ƙafa kuma, sai da Sarki Willem na Ɗaya ya sake maimaita umarnin a 1825.

Da ya gama sai ya rufe littafin ya ce, saura naka. Ba ni da takarda, amma ina da abin da kakata ta zuba mana a ka, muna zaune a tabarma tana kaɗi. Na jero masa kakanni har bakwai, da garin da kowanne ya zauna. Matar ta bar wanke-wanke ta dawo ta zauna. Na gaya musu mu ma muna mayar da sunan kaka, sai dai uwa ba za ta kira shi gatsau ba, saboda kunya sai ta ce Abba. Tsohon ya sa na maimaita jerin a hankali, yana rubutawa a bayan wata ambulan yadda kunnensa ya ji.

Yanzu kai, in surukinka ya yi maka wannan tambayar, nawa za ka kawo? Na gwada ƙannenka a nan gida, daga kakan ubansu suka tsaya, amma ka tambaye su 'yan ƙwallon Barcelona za su jero maka har da Frenkie de Jong. Laifinmu ne mu manya da muka bar hirar dare ta mutu, waya ta cinye ta. Mahaifinmu, kakanka, yakan ce suna linzami ne, shi ya sa ba ya barin a raɗa wa yaro suna don daɗin faɗi kawai. Yakan kuma ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ba tafiya yake hanawa ba, shi da kansa ya raka ni tashar jirgin ƙasa.

Maganar haɗa suna kuwa, abin da na sani tabbas shi ne Alƙur'ani ya ce a kira 'ya'ya da ubanninsu, aya ta 5 a Suratul Ahzab. Sunanka kada ya fita, wannan babu ja-in-ja. Ƙara na uwa a gefe, ban taɓa gani a gidanmu ba, kuma ba zan yanke a waya ba. Zan zauna da mahaifinka da Malam. Ka dai sani a dokarsu abin da kuka zaɓa wa ɗan fari shi zai bi duk ƙannensa, don haka kada ka yi gaggawa, kada kuma ka ɓata wa yarinyar rai, ita ma gidansu take tunawa.

Abin da ya fi damuna ba ka ma ambata ba. A can cikin kwana uku ake yi wa jariri rajista, mu kuwa sai ranar bakwai. Kenan ku tsayar da suna tun yanzu. Da ya faɗo ka yi masa kiran salla a kunne, ka yi huɗuba da kanka. Ranar bakwai za mu yanka rago a nan ƙofar gida, wanzami kuwa sai ka nemi mai aski a can. Ka turo mini lambar surukinka, ina so in ji daga wane ƙauye ne kakanninsa suka fito. Ka gaida mai jiki, Allah ya sauke ta lafiya.

Baffanka