Baba ba ya ji sosai, ga mantuwa, ga bugun zuciya ba daidai ba: gigin tsufa ne?

TAMBAYA: Salamu alaikum lokotoro, barka da aiki. Daga Tahoua nike rubutowa. Babanmu shekarunshi 74, bara munka kai shi asibiti anka yi mishi ECG anka ce zuciyatai ba ta bugawa daidai, sunka rubuta mishi Sintrom da wani na tansiyon. To wajen wata shida ke nan in ka yi mishi magana sai ya amsa wani abu daban, ya bar zaman hira ƙofar gida, rediyo kuwa har maƙwabta na ji. Ƙannena sun ce gigin tsufa ne a ƙyale shi, ni dai raina bai kwanta ba. Ciwon zuciyar ne ya taɓa mishi kai ko mi?

AMSA: Wa alaikumus salam ƴar'uwa, Allah ya saka miki da alheri da kika ƙi yarda a ƙyale shi. Ban ga Baba da idona ba, amma abin da kika lissafo, amsa magana baibai, ƙure rediyo, gudun taro, duk ya fi kama da mutumin da kunnensa ya yi nauyi. Don haka kafin kowa ya sake cewa gigi, a fara duba kunnen.

Tunda an ba shi Sintrom bayan ECG, galibi abin da yake da shi shi ne wanda muke kira FA a taƙaice, wato karkarwar ɗakunan sama na zuciya. Zuciya ɗaki huɗu gare ta, biyu sama biyu ƙasa. A wannan ciwon ɗakunan sama ba sa matsewa yadda ya kamata, sai dai su yi ta karkarwa, jini ya riƙa kwanciya a wani ɗan lungu na ɓangaren hagu har ya daskare. Ran da gudan ya ɓalle ya bi jijiya ya hau kai, shi ne AVC, shanyewar ɓarin jiki, kuma mai FA ya fi wanda ba shi da ita haɗarin wannan kamar sau 5. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne akwai ƴan ƙananan gudaji da ke toshe ƴan siraran jijiyoyin ƙwaƙwalwa ba tare da baki ya karkace ko hannu ya mutu ba, shiru kawai, yau ɗaya gobe ɗaya, sai bayan shekaru a ga tunani ya ragu. Wannan ne amfanin Sintrom ɗin, yana tsinka jini ya hana shi daskarewa. To e, zuciyar tana iya taɓa kai, tambayarki tana kan hanya.

Kunne kuma fa? Can ciki akwai wani ɗan abu mai siffar dodon koɗi, shi ke maida ƙara ta zama saƙon da ƙwaƙwalwa ke ganewa, kuma ƴar jijiya guda ɗaya tak ke kai masa jini, ba ta da mataimakiya. Tansiyon da ciwon suga da taba da shekaru, waɗanda su ne ke gajiyar da zuciya, su ne dai ke cin wannan jijiyar. Shi ya sa muke yawan ganin su tare a jikin mutum ɗaya. Hukumar lafiya ta duniya OMS ta ce cikin waɗanda suka haura shekara 60, fiye da kashi 25 cikin 100 suna da raunin ji mai hana su walwala.

Nauyin kunnen tsufa yana da wata ɗabi'a da ke ruɗa iyali. Siraran sautuka ne ke fara ɓacewa, irin su s da sh da ts da f, shi ya sa muryar mata da ta jikoki ta fi ba shi wuya, yana jin ana magana amma kalmomin ba su fita, sai ya yi ta cike gurbi da tsammani, wani lokaci ya dace wani lokaci ya faɗi abin da zai sa yara dariya. Dattijo mai mutunci in aka yi masa dariya sau biyu sau uku ai ba zai sake zama ba. Ya koma ɗaki, ba hira, ba gardamar kasuwa, ba labarin gona, ƙwaƙwalwar da ta saba aiki ta zauna haka nan, ɗan ƙarfin da ya rage mata kuma duk ya tafi wajen ƙoƙarin kama magana maimakon riƙe ta. Da haka abin da ya fara a kunne yake zama mantuwa ta gaske. Kwamitin masana na mujallar Lancet a rahotonsu na 2024 sun lissafa abubuwa 14 da in aka magance su za a iya kauce wa kusan kashi 45 cikin 100 na ciwon mantuwa, raunin ji yana sahun gaba da kashi 7. Akwai kuma binciken ACHIEVE da aka yi a Amurka aka fitar a 2023, mutum 977 ƴan shekara 70 zuwa 84, aka bi su shekara 3. In aka haɗa su duka aparai na kunne, wato ɗan na'urar ƙara ji, bai nuna bambanci ba, amma a rukunin da suka fi tsufa kuma suka fi abubuwan haɗari irin na zuciya da jijiya, raguwar tunaninsu ta yi sauƙi da kashi 48 cikin 100. Irin su Baba ke nan.

Abin da ya fi tayar min da hankali a nan shi ne maganin kansa. Na taɓa samun wani tsoho a nan Yamai, ina rubuta ordinansi kaina a sunkuye ina ce masa ƙwayar a raba ta huɗu a sha kashi ɗaya, yana ta cewa to, to. Ashe kalmar huɗu kaɗai ta shiga kunnensa. Bayan ƴan kwanaki aka dawo da shi dasashi na zubar jini, fitsari ja. Allah ya sa an zo da wuri. Tun ranar ba na yi wa dattijo bayani sai ina kallon fuskarsa, kuma sai ya maimaita min abin da na ce. Don Allah mutum ɗaya a gidan ya ɗauki nauyin ba Baba magani, lokaci ɗaya kullum, a riƙa yin analiz ɗin INR, wato awon yadda jini ya tsinke, a kan kari, ga yawancin masu FA ana son ya tsaya tsakanin 2 da 3. Kada a saya masa diklofenak ko ibuprofen ko aspirin wajen masu tallan magani don ciwon gwiwa, haɗa su da Sintrom yana jawo zubar jini a ciki. Jiƙe-jiƙe ma a dakata sai an tambaya. Zogale da sauran ganye ba a hana shi ba, kawai kada wannan satin ya ci da yawa sati mai zuwa babu ko kaɗan, INR ɗin zai yi ta hawa da sauka.

Ki gwada wani abu yau da dare. A kashe rediyo, ki zauna gabansa inda haske ke kan fuskarki, ki yi magana a hankali ba da ihu ba, ihu ƙara dagula kalmomi yake yi. Ki tambaye shi wace rana ce, me ya ci da rana, nawa ya rage in an cire jika uku daga jika goma. In ya amsa tsaf, to ki gode Allah, matsalar ta fi yawa a kunne. In kuwa ya ji sarai amma ya rasa amsa, ko yana ɓata hanyar masallacin da ya shekara talatin yana zuwa, ko yana maimaita tambaya ɗaya sau biyar, to ƙwaƙwalwar ma tana son dubawa, tare da suga da ƙoda da maƙoƙo da bitamin B12.

Ku fara da babban asibitin jiha, CHR na Tahoua, a leƙa kunnen, sau da yawa dauɗar kunne ce ta taru ta toshe, a wanke a ga mutum ya dawo, kuma a raba shi da gashin kaza da tsinken ashana, tura ta ciki suke yi. In kunnen fes yake sai a nemi takardar zuwa wajen likitan ORL, wato na kunne da hanci da maƙogwaro, a yi awon ji, akwai su a manyan asibitocin Yamai, daga nan a san ko aparai zai yi masa amfani. A gaya wa likitan in an taɓa yi masa alluran jantamisin ko kinin ko Lasilix mai yawa, suna iya taɓa ji.

Wata tambaya da nake so ki bincika a gida, ko Baba ya taɓa faɗuwa ya bugu a kai cikin watannin nan, ko da a makewayi ne bai gaya wa kowa ba? Mai shan Sintrom jini yana iya taruwa a hankali ƙarƙashin ƙoƙon kai, ya yi sati uku huɗu kafin a ga ruɗewa da yawan barci, sikanar ke nuna shi kuma ana iya cire shi. Wannan ba ya jira. Haka nan in baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta harɗe, ko kunne ɗaya ya toshe farat ɗaya da jiri, ko da tsakar dare ne a ɗauke shi sai asibiti.

Ran da za ku je ki zuba duk magungunansa a leda ɗaya har da na gargajiya, ki haɗa da takardar ECG da sakamakon INR na baya, kuma ke da kika lura da shi ki shiga ɗakin likitan tare da shi. Ki gaishe min da Baba, Allah ya ba shi lafiya.