Amsa: Yadda Za Ka Mayar Da Ramin Sifikar Babur Ma'ajiyar Da Ruwa Ba Ya Shiga

Malam, ka ce ka cire sifikun gaban babur ɗinka, irin manyan nan na doguwar tafiya kamar Gold Wing, kana son ramin ya zama wurin ajiye takardu da waya. Zai yiwu, amma ka sani ragar da ke rufe sifika ba ta tare ruwa ko kaɗan, don sauti ya fita aka huda ta. Duk aikin yana kan abin da za ka sa a bayanta.

Fara da wayoyin sifikar. Naɗe bakin kowacce daban da salatif, ka ɗaure su gefe. In suka taɓa juna rediyo na kunne, suna iya ƙona ta.

Sai awo. Yawancin ramukan na sifika mai inci 5.25 ne ko 6.5, amma zurfin ya fi faɗin muhimmanci. Juya kan babur dama da hagu har ƙarshe, ka bar tazarar santimita 2 tsakanin ma'ajiyar da duk abin da ke motsi. Wannan ba wurin ganganci ba ne: kan babur ya cije a kwana, magana ta ƙare.

Nemi robar abinci mai kauri wadda murfinta ke da zoben roba da maƙalai. Yanka faranti daga filastik mai kaurin milimita 3, ka huda tsakiyarsa daidai jikin robar, ka ɗaure shi a ramukan sukurun sifikar na asali, da sukurun da ba sa tsatsa. Tsakanin farantin da jikin babur shimfiɗa zoben tsohon tiyub. Kada ka dogara da gam. Silikon ba ya kama irin wannan robar sosai, mako kaɗan jijjiga za ta ɓare shi, super glue kuwa tsagewa yake yi. In za ka toshe kan sukuru da silikon, guji mai warin tsami, yana cin tagullar waya.

Bakin robar ya ɗan kalli ƙasa, don ruwa ya zube maimakon ya kwanta a kan murfi. A ƙasan ramin, ba a jikin robar ba, huda ƙofa ta milimita 3 saboda ruwan da ya ratso raga ya samu mafita.

Ragar kuma ka riƙe ta da ƙananan maganaɗisu 4, amma katin banki ya yi nesa da su. Tunda babu makulli, kuɗi ba su kwana a nan.

Kafin ka amince, sa takardar tishu a ciki, rufe, ka feshe da tiyo minti 5. In ta fito a bushe, jefa ƙunshi 2 na silika, ƙwayoyin nan masu tsotse danshi, saboda gumin da zafin rana da sanyin asuba ke tarawa. Kada kayan ciki su wuce rabin kilo a kowane gefe, kuma kada ka bar fawa banki a ciki babur na tsaye a rana.