Amsa ga mai tambaya kan giyar Jamus da ake ce ba ta sa maye

Ɗan'uwa, na ga tambayarka cewa za ka tafi kwas na wata uku a birnin Munich, kuma kana son sanin ko abin da Jamusawa ke rubuta wa “alkoholfrei”, wato marar barasa, ɗaya yake da Maltina da muka saba da ita a gida. Ba ɗaya ba ne, kuma zan yi maka bayani daga abin da na gani da idona, domin aiki ya taɓa zaunar da ni a wannan birni.

Ni mutumin Jos ne, ina kuma shan giya daidai gwargwado, amma kafin tafiyar tawa ban san wata giya ba sai irin tamu mai garau da ɗan ɗaci. Wata ranar Asabar wani abokin aikina ya kai ni garin Erding, kusa da filin jirgin sama, aka kawo mini giyar alkama da suke kira Weissbier a cikin dogon kofin gilashi mai cin rabin lita. Da na ga ta yi gurɓi-gurɓi kamar kunun zaƙi, ga kumfa ya yi tozo a sama, sai na ɗauka ta lalace ne. Da na kurɓa sai na ji ƙanshin ayaba da kanumfari, har na yi musu cewa lallai an zuba su a ciki. Ashe irin yis ɗin da ake tsima ta da shi ne ke fitar da wannan ƙanshi, shi ne kuma ke hana ta yin garau tun da ba a tace shi. Mutanen Bavariya, jihar da Munich take ciki, suna tinƙaho da dokarsu ta 1516 wadda ta taƙaita kayan haɗin giya ga ruwa da sha'ir da furen hop mai ba ta ɗaci, sai dai giyar alkama ta bi tata hanyar daban har ta zama abin alfaharinsu. Tun daga ranar ban ƙara neman wata ba.

To, ga inda tambayarka take. Ita wadda aka rubuta wa “alkoholfrei” giya ce ta ainihi, wadda ko dai aka tsayar da tsimuwarta da wuri, ko kuma aka bari ta tsimu sannan aka cire barasar. A Jamus ana yarda a sa mata wannan suna ko da akwai ragowar barasa har kashi 0.5 cikin ɗari. Na sha irin ta kamfanin Erdinger na garin Erding sau da yawa a ranakun aiki, ba ta taɓa juya mini kai ba, amma rashin maye daban, rashin barasa daban. Idan nufinka kada ko ɗigo ya shiga cikinka, ka duba kwalbar ka ga an rubuta “0,0%”. Su da waƙafi suke raba lamba, ba da ɗigo ba. Hukuncin addini a kan wannan kuwa ba nawa ba ne, malamanka za ka tambaya.

Abin da ya yi kama da Maltina shi ne wanda suke kira Malztrunk, kamar Vitamalz, mai duhu da zaƙi, wanda har yara ake ba. Sau da yawa ana jera shi kusa da giya a kanti, kwalaben kuma sun yi kama, saboda haka kada ka ɗauka da ka.

Bayan na dawo gida na taɓa samun giyar alkama a wani babban kanti a Abuja da tsada mai yawa, amma zafi da daɗewa a hanya sun kashe ƙanshin, sai salam. Ka kuma riƙa adana kwalabenka idan ka je, domin akwai kuɗin ajiya a kansu: santi 8 na kuɗin Yuro a kwalbar giya, santi 25 a gwangwani, injin da ke bakin kanti zai ba ka takardar da za a rage maka kuɗi da ita.